Bariki ko Haya a Gari: Yadda Amaryar Soja Za Ta Zaɓi Inda Za Ta Zauna

Ƙanwata, idan an ɗaura miki aure da soja, tun kafin a gama rabon goro za a tambaye ki inda za a kai jere: cikin bariki, ko kuwa haya za a kama a gari? Ni na auri maigidana yana kofur, kuma daga lokacin zuwa yau mun ɗaure kaya mun kwance sau bakwai. Huɗu mun zauna a bariki, uku a gidan haya. Kowanne na ga daɗinsa, na kuma ga wuyarsa.

Mudun da nake awo da shi guda ɗaya ne, ki riƙe shi tun yanzu. Kada ki auna gida da ranakun da maigida yake nan. Ki auna shi da ranar da za a tura shi daji ya yi wata shida, ko shekara, ke kaɗai da ciki ko da goyo, wayarsa ba ta shiga. Gidan da za ki iya riƙewa a wannan ranar, shi za ki zaɓa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke tafiya. Da sojan ƙasa na saba, amma matar sojan sama da ta sojan ruwa ma za su ga kusan abu ɗaya ne.

Abin da za ki tanada

Littafi da biro, domin lissafi da rubuta abin da kika gani. Kada ki ce za ki riƙe a ka.

Takardar shaidar aure, hotunan fasfo naki, lambarki ta NIN, da kwafin kowanne aƙalla uku.

Takardar albashin maigida ta wata uku a jere. Idan bai saba nuna ta ba, ki nema cikin ladabi, ki ce lissafin gida za ku yi tare.

Tef ɗin awo, ko na tela ma ya isa, da awon gado da kujeru da durowar da aka saya miki.

Waya mai ɗaukar hoto, tocila, da caja domin gwada soket.

Babbar mace guda da za ta raka ki, wadda ta san zaman haya ko zaman bariki. Idon amarya fenti yake gani, idon babba kuwa rufi da magudanar ruwa.

Mataki na 1: Ki tabbatar rundunar ta san da aurenki

Ɗaurin aure a masallaci ko coci ya halatta ki a wurin Allah da mutane, amma bai sa sunanki a fayil ɗin soja ba. Soja yana neman izinin aure daga shugabanninsa, bayan an ɗaura kuma ya kai takarda a buga auren a sanarwar rundunarsa, wadda suke kira Fat Tu Oda. Sai an yi haka ake lissafa shi cikin masu iyali. Ɗakin ma'aurata, katin shiga bariki, katin asibiti, duk daga nan suke fitowa.

Ki tambaye shi kai tsaye: an buga? Ki ga kwafin da idonki, ki ajiye ɗaya a wurinki. A lokaci guda ku yi maganar wanda ya rubuta a matsayin magajinsa. Samari da yawa suna shiga soja daga Defot ɗin Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, da sunan uba ko wa a wannan gurbin, su yi aure, su haifi 'ya'ya uku, ba su sake waiwayar takardar ba. Magana ce mai nauyi a bakin amarya, na sani, amma na ga matan da rashin yin ta ya jefa cikin wahalar da ba ta faɗuwa.

Idan ba a riga an buga auren ba, zancen ɗaki a bariki bai taso ba tukuna. Ki tsallaka zuwa mataki na 9, ki ga yadda ake zaman wucin gadi.

Mataki na 2: Ki binciki ko akwai ɗakin ma

Sau da yawa ana ta gardamar bariki ko gari, alhali ɗakin babu shi. Gidaje ba sa isar sojoji a barikoki masu yawa, musamman na Legas da Abuja da Kaduna. Maigida ya je ofishin kwatamasta, mai kula da gidaje da kayan runduna, ya kuma ga RSM, wato babban samanjan da yake kula da da'a a bariki, ya dawo da amsar tambayoyi huɗu: akwai ɗaki a yanzu? Idan babu, mutum nawa ne a gabansa? Wane irin ɗaki muƙaminsa ya ba shi? Kuma a wane layi yake?

Muƙami ne yake raba gida, ba yawan iyali ba. Daga kofur zuwa ƙasa suna da nasu rukunin, saje da samanja suna da nasu, hafsoshi kuma unguwarsu daban. A tsofaffin gine-gine za ki iya samun ɗaki ɗaya ko ciki da falo, banɗaki da madafa na haɗaka. A sababbin da aka gina ko aka gyara, kowa da nasa a ciki. Tsakanin biyun akwai tazara mai nisa, saboda haka kalmar "an ba mu ɗaki" ba ta isa ba, sai kin san wane ɗaki.

Gargaɗi: kada ku ba kowa kuɗi domin ya sayar muku da ɗaki ko ya ba ku haya a bayan fage. Akan samu wanda aka yi wa sauyin wurin aiki ya ƙi sakin makulli, ya sa wani a ciki yana karɓar kuɗi. Ranar da aka zo bincike, wanda sunansa ba ya cikin takarda shi ake fitar wa da kaya, kuma maigidanki ne zai amsa tambaya.

Mataki na 3: Ki san irin aikin da mijinki yake yi

Ba duk soja ne yake yawan barin gida ba. Wanda yake aikin ofis a hedkwatar Runduna ta 1 a Kaduna, ko yake koyarwa a Jaji, ko makanike a wurin gyaran motoci, yakan kwana a gida. Wanda yake bataliyar da ake yawan ɗiba zuwa Arewa maso Gabas ko dazukan Zamfara da Katsina, baƙo ne a gidansa. Ki tambaye shi: cikin wata goma sha biyun da suka wuce, wata nawa ya kwana a garin? Yaushe ake tsammanin sauyin wurin aiki? Akwai kwas a gabansa?

Idan amsar ta nuna rabin shekara ba ya nan, mizani ya fara karkata zuwa bariki, sai fa idan garin naku ne kuma kina da uwa ko yaya a kusa. Dalilina shi ne, a bariki matan da mazansu suke fagen daga ɗaya suna layi ɗaya. Idan labari ya zo, tare ake jin sa. Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, akwai wadda za ta buga wa direba ƙofa. A gari kuwa, maƙwabciyarki tana iya zama mutuniyar kirki, amma ba ta san abin da ake nufi da kwana goma ba a ji muryar mutum ba.

Idan kuma ana sa ran ɗauke shi nan da wata biyar ko shida, kada ku zuba hayar shekara. Mai gida ba ya mayar da kuɗi cikin daɗin rai.

Mataki na 4: Ku zauna ku yi lissafi a rubuce

A nan ne mafi yawan ma'aurata suke faɗawa rami. Sukan dubi kuɗin haya kaɗai su ce ai za a iya. Ki raba shafi biyu, ki rubuta komai na shekara guda. Ga misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira domin ki ga hanyar, ke ki sa na garinku:

Hayar ciki da falo, naira 300,000. La'adar dillali kashi 10 cikin 100, naira 30,000. Kuɗin motar maigida zuwa aiki da dawowa, naira 1,000 a rana, kwana 26 a wata, ya kama naira 312,000 a shekara. Ruwan 'yan garuwa na naira 500 kullum, naira 180,000. Wuta naira 8,000 a wata, naira 96,000. Jimla naira 918,000, wato naira 76,500 duk wata, ba a sayi ko mudun masara ba. Ki lura wannan ya haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, da aka sa wa hannu a 2024. Ki kuma lura kuɗin mota ya fi kuɗin hayar kanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gida mai araha da yake nesa da bariki ya daina zama mai araha.

A shafin bariki babu hayar shekara, amma kada ki rubuta sifiri. Akwai gyaran ɗaki kafin a shiga: fenti, ragar sauro, makulli, wani lokaci har kwano. Akwai kuɗin tsafta, kuɗin ƙungiyar mata, gudummawar biki da suna da rasuwa wadda ba ta yankewa, kuma a wasu wuraren ana karɓar kuɗin wuta. Idan barikin yana bayan gari, kamar Janguza a hanyar Gwarzo ko Rukuba a wajen Jos, ki sa kuɗin motarki ke zuwa babbar kasuwa, gidan dangi, ko makarantarki idan kina karatu. Barikin da yake cikin gari, irin Bukavu a Kano, wannan kuɗin kaɗan ne.

Maigida ya shiga ofishin kuɗi ya tambayi abu biyu: ko akwai alawus ɗin masauki ga wanda ba a ba shi ɗaki ba, da kuma ko wanda aka ba shi ɗaki ya ƙi yana da haƙƙin karɓa. Kada ku sa ko kwabo a lissafi sai wanda kuka ga ya shigo a takardar albashi. Haka ma alawus ɗin fagen daga, kada a jingina haya da shi, domin ranar da aka dawo da mutum yake tsayawa.

Mataki na 5: Ki je ki ga barikin da ƙafarki, sau biyu

Sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya bayan magariba. Da safe za ki ga layin famfo da na banɗaki, ki ga jarka nawa ke jiran ruwa. Da dare za ki ji hayaniyar layin, ki ga ko akwai wuta, ki gane nisan ɗakin da kasuwar mami, wato kasuwar bariki. Ɗakin da ya yi kusa da ɓangaren mashaya ba zai bar jariri ya yi barci ba.

A cikin ɗakin, ki haska silin da tocila. Taswirar ruwa a jikinsa tana nufin yoyo, ko da an ce miki an gyara. Ki duba ƙasan bango ko yana jan danshi, ki sa caja a kowane soket, ki buɗe taga ki rufe, ki leƙa bayan gini ki ga inda ruwan wanka yake bi. Sai ki fito da tef. Na taɓa shiga wani ɗaki da gadon aurena ya ƙi shiga ƙofa, dole aka kira kafinta ya rage shi, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin mahaifina ne ya sayar da shanu ya saya mini. Idan awo ya nuna kayan ba za su shiga ba, ki bar rabi a gidanku, kada ki cusa su su lalace.

Kafin ki fita, ki nemi magajiyar layin ki gaishe ta. Ita ce shugabar matan wurin, ita ke tsara shara, sasanta rigima, da isar da saƙo tsakanin mata da RSM. Ki durƙusa ki ce, "Mama, ni ce amaryar wane, na zo ganin wuri." Ki tambaye ta ruwa kwana nawa yake zuwa a mako, da abin da ya fi damun mata a layin. Abin da za ta faɗa miki cikin minti goma, ofis ba zai faɗa miki ba.

Mataki na 6: Ki auna dokokin bariki da halinki

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci bayan lissafi, kuma ba wanda zai yi miki shi.

Bariki ba gidanki ba ne ke kaɗai, wurin aiki ne da aka ba iyali izinin kwana. Ana tsayar da baƙo a get sai an tabbatar da wurin wanda ya zo. Baƙon da zai kwana, musamman namiji, sai an sanar. Ana aikin tsafta na dole, ana kuma zagayen duba layi. Idan kika yi faɗa da maƙwabciya, maganar ba ta tsaya a tsakaninku, tana iya kai mijinki gaban shugabansa, har ma gadirum, inda ake tsare sojan da ya yi laifi. Sannan muƙamin maza yana bin mata har bakin famfo. Matar saje tana iya zama sa'ar ƙanwarki, amma za ki ga ana ba ta wuri. Matan hafsoshi suna da ƙungiyarsu, NAOWA, matan ƙananan sojoji kuma NASWA, kuma ana sa ran ganin fuskarki a taro.

Sai maganar sutura da kulle. Idan a gidan da kika tashi mace ba ta fita tsakar gida sai da mayafi, kuma maigida yana son kulle, ɗakin da banɗakinsa yake waje a bainar samarin sojoji zai takura ku ƙwarai. Na san matan da suke jira sai dare ya raba kafin su yi wanka. Idan irin wannan ɗakin ne kaɗai ake da shi, kuma aljihu zai ɗauka, ni kaina zan ce ku kama haya har a samu mai banɗaki a ciki.

Idan ke ta biyu ce, ki sani ɗaki ɗaya ake ba soja komai yawan matansa. Haɗa kishiyoyi a ciki da falo neman fitina ne. Abin da aka saba shi ne ɗaya a bariki, ɗaya a gari, kuma gara a yanke wannan a gaban manya tun kafin tarewa, har da wanda zai riƙa biyan hayar.

Zan ɗan ratsa. Za ki ji dangi suna ɗaure fuska da kalmar bariki, saboda abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce 'yar bariki. Kada wannan ya yanke miki hukunci. A barikin soja akwai masallacin Juma'a da limami, akwai Islamiyya, akwai coci, kuma a can na koyi zama da Tibi da Ibo da Yarbawa da mutanen Kudancin Kaduna, muka ci abincin juna, muka yi wa juna jego. 'Ya'yana sun tashi ba sa tsoron kowace ƙabila, kuma ina alfahari da hakan.

Game da sana'a, ki tambayi abin da aka yarda a yi a ɗaki. Ɗinki, kitso, zoɓo da ƙanƙara sukan wuce, kiwon tumaki da kaji kuwa wani wurin an hana. Shago sai a kasuwar mami, da izini. Ita kanta kasuwar matar soja ce ta fara ta, Mami Ochefu, da sayar da abin sha a barikin Inugu a shekarun 1950. Cinikin bariki yana da tabbacin masu saye, amma bashi ya yi masa yawa, kowa sai ya ce miki sai ƙarshen wata.

Mataki na 7: Idan gari kika karkata, ga yadda ake duba haya

Da farko maigida ya nemi izinin zama a waje, a rubuce, ya ba rundunarsa adireshin. Soja ba ya kwana inda shugabansa bai sani ba. Sannan ku zana iyaka: gidan kada ya wuce mota ɗaya zuwa get. Ana iya kiran sa ƙarfe uku na dare, kuma rashin abin hawa ba uzuri ba ne a wurinsu.

Ki je gidan da rana, ki koma da dare, idan damina ce ki koma bayan an ɗauke ruwan sama. Ki tambayi maƙwabta, ba dillali ba, game da ruwa da wuta da ɓarayi. Ki duba mita: ta kati ce ko ta haɗaka? Idan akwai tsohon bashin wuta, a rubuta wanda zai biya kafin ku ba da kuɗi. Ki ga mai gidan ido da ido, ku kuma gaida mai unguwa ku tabbatar gidan nasa ne. An taɓa karɓar mana kuɗin haya a wani gari, ashe gidan gado ne da magada suke shari'a a kansa, wata huɗu muka yi aka ce mu tashi.

Abin da matar soja za ta nema wanda sauran masu haya ba sa nema shi ne sharaɗin tashi. A rubuta a yarjejeniya cewa idan an yi wa maigida sauyin wurin aiki, za a mayar da kuɗin watannin da suka rage, ko a yarda ku kawo wanda zai ƙarasa. Idan mai gida ya ƙi, ku roƙi biyan wata shida-shida. Idan ya ƙi duka biyun, ku nemi wani gidan. Rasit kuma ya fito da sunan ku biyu idan zai yiwu, domin ke za ki tsaya idan ba ya nan.

Mataki na 8: Tsaro, makaranta da asibiti

Ba zan ce miki bariki katangar ƙarfe ba ne. An tayar da bam a kasuwar mami ta barikin Mogadishu a Abuja ranar 31 ga Disamba 2010, an kai hari cocin Jaji a Nuwamban 2012, an afka wa barikin Giwa a Maiduguri a Maris 2014. Kafin su, rumbun makamai ya yi bindiga a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, mutum fiye da 1,000 suka rasu, mafi yawansu wajen gudu suka faɗa ruwa. Saboda haka ki san inda ƙofofin fita suke, ku kuma tsayar da wurin da za ku haɗu da yara idan an watse.

Amma barazanar yau da kullum, wato ɓarawon dare, mai ƙwacen waya, mai garkuwa da mutane, ta fi sauƙi ƙwarai a bayan get. A gari kuwa sai kin ƙara da naki hankalin. Kada ki shanya kaki a inda mai wucewa zai gani. Kada ki gaya wa mai shago ko mai adaidaita cewa maigida ya yi tafiya. Kada ki sa hotonsa da kaki ko sunan inda aka tura shi a Facebook ko WhatsApp. Wannan na ƙarshen ya shafi ta bariki ma.

Makarantun sojoji, irin su Kwamand da firamaren 'ya'yan sojoji, suna cikin bariki ko gefensa, yaro zai iya zuwa da ƙafa. Ko ba ki haihu ba tukuna, ki sa wannan a lissafi, shekara uku kamar gobe ce. Asibiti kuma, kusan kowane bariki yana da ƙaramin da ake kira MRS, daga nan ake tura mutum babba, kamar Asibitin 44 da ke Kaduna. Inshorar lafiya tana ɗaukar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma sai an yi rajista. Idan a gari za ki zauna, ki auna minti nawa ne daga ƙofarki zuwa asibitin da katinki yake, da dare, ba da rana ba.

Mataki na 9: Ku yanke, ko ku bi hanyar tsakiya

Ki buɗe littafin ku karanta tare. Ni ga yadda nake yankewa. Idan garin baƙo ne gare ki, maigida yana yawan tafiya, muƙaminsa ƙarami ne, kuma ɗakin yana da rufi mai kyau da ruwa a kusa, ki shiga bariki. Ga amaryar ƙaramin soja wannan ne zaɓina sau takwas cikin goma. Idan kina da aiki ko karatu a cikin gari, ko dangi a kusa, ko kulle ya hana zaman haɗaka, kuma haya da kuɗin mota da ruwa da wuta ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake shigowa ba, ki kama haya.

Idan babu ɗaki kuma kuɗin haya bai kai ba, akwai hanyoyi uku. Ta farko, ku kama ɗaki ɗaya a unguwar da take manne da bariki na wata shida, sunansa kuma yana cikin layin jira. Irin waɗannan unguwanni cike suke da iyalan sojoji, kuma za ki ci moriyar asibiti da kasuwa. Ta biyu, ki zauna a gidan iyayensa ko naku har a samu, amma a sa wa'adi, domin zaman da ba shi da rana yana kawo ƙananan maganganu. Ta uku, idan an tura shi inda ba a zuwa da iyali, ki zauna a barikin rundunarsa ta asali ko garinku, kada ki bi shi ki kama haya a bakin daga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne raɓawa a falon abokinsa. Na ga zumuncin shekara goma ya mutu a kan tukunyar miya.

Maigida ya riƙa leƙa ofishin kwatamasta duk wata yana tuna musu. Sunan da ba a bibiya yakan kwana a ƙasan fayil.

Mataki na 10: Ranar karɓar makulli

Bariki ne ko haya, kada a shigar da ko tabarma sai kin ɗauki hoton komai: bango, silin, ƙofa, taga, famfo, mita da lambar da take nunawa. A bariki akwai takardar da ake lissafa abin da ke cikin ɗakin, maigida ya sa hannu. Ki tsaya a karanta. Idan an rubuta fanka biyu alhali ɗaya ce, ko gilashin taga a fashe yake, a gyara takardar a nan take, in ba haka ba ranar fita daga albashinsa za a cire. Ki sauya kwaɗo, ki wanke ɗakin, ki sa maganin ƙwari kwana biyu kafin jere.

Kada ku kashe kuɗi mai yawa a gyaran da ba za ku iya ɗauka ba. Tayil da silin na zamani a ɗakin gwamnati kyauta ce ga wanda zai gaje ku. Ku sayi abin da ake kwancewa: leda, labule, tankin roba, ƙaramar sola. Kwalayen talabijin da firji ki ninke su ki ajiye a ƙarƙashin gado, za ki neme su.

A makon farko ki zaga maƙwabta da ɗan abin hannu, ki karɓi lambar mutum uku: magajiya ko matar mai gida, direba ko mai adaidaita amintacce, da wani a ofishin maigida da za ki iya kira idan wayarsa ta yi shiru. Ki rubuta su a takarda, kada ki bar su a waya kaɗai.

Mataki na 11: Ki fara tanadin fita tun watan farko

Ɗakin bariki yana tare da aikin. Ranar da aka yi sauyin wurin aiki, ko ritaya, ko sallama, ko Allah ya yi wa mutum rasuwa, ana ba iyali wa'adi su saki makulli. Maigida ya tambayi tsawon wa'adin a rundunarsa, ki rubuta a littafinki kusa da kwafin takardun aure.

Idan kun shiga bariki, ki koma shafin lissafin mataki na 4, ki ɗauki aƙalla rabin abin da za ku biya da a ce haya kuke yi, ku riƙa ware shi ranar da albashi ya shigo, kafin a je kasuwa. A sa shi a asusun da ba shi da katin cire kuɗi, ko adashin matan da kika yarda da su, kuma kwasar farko ta tafi wajen fili a garinku ko nasa, da takardar sayen a hannunki da shaidu. Idan haya kuke yi, ki raba kuɗin shekara gida 12, ki riƙa ajiye kaso ɗaya duk wata, ki ƙara ɗan wani abu a kai saboda ƙarin haya. A gefe kuma ki ajiye kuɗin motar ɗaukar kaya na tafiya guda, wanda ba a taɓawa ko da biki ko suna, domin takardar sauyi takan zo ne da kwanaki kaɗan a kanta.